Katin zaɓenka: ka bar shi a gida saboda tazarcen gwamna, ko ka dawo da shi Legas?

Jihohi bakwai ne a Arewa maso Yamma, kuma duk bakwai ɗin gwamnoninsu a 2023 suka hau: Abba Kabir Yusuf a Kano, Dikko Umaru Radda a Katsina, Uba Sani a Kaduna, Umar Namadi a Jigawa, Dauda Lawal a Zamfara, Ahmed Aliyu a Sakkwato, Nasir Idris a Kebbi. Kowannensu tsarin mulki ya ba shi damar neman zango na biyu a 2027. A nan Legas kuwa abin ya sha bamban. Babajide Sanwo-Olu ya riga ya yi nasa tazarcen a 2023, wa'adinsa na ƙarewa, kujerar Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, za ta koma hannun wani sabo. Shi ya sa duk majalisar da ka zauna a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, hirar siyasar gida ce ke cin kasuwa, wane zai koma, wane sai dai ya tattara. Ana ta musu har a kira sallar isha'i, amma da wuya ka ji an tambayi mai musun inda katinsa yake, da kuma inda shi kansa zai kasance ranar zaɓen.

Kati ɗaya doka ta ba kowa, rumfa ɗaya kuma aka rubuta a jikinsa. An yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garin da ya fito, amma ɗaya zai ɗauka a ciki. Yin rajista sau biyu laifi ne, kuma hukumar INEC tana soke wadda aka maimaita idan na'ura ta kama. Wannan rumfar guda ita za ka je a zaɓen shugaban ƙasa, ita ce ta gwamna, ita ce ta ɗan majalisar jiha, ita ce kuma ta ciyaman da kansila, domin hukumomin zaɓe na jihohi da rajistar INEC suke aiki. Don haka wanda ya bar katinsa a Bichi ko Funtuwa ko Gusau ya zaɓi ya sa hannu a tazarcen gwamnan gida, ya kuma cire hannunsa daga duk abin da za a yanke a Legas. Wanda ya dawo da shi Legas shi ma ya sayar da wani abu ya sayi wani. Ƙuri'ar shugaban ƙasa kaɗai ce ba ta da wannan matsalar sosai, tunda ko a ina ka jefa ta za a haɗa ta cikin jimillar ƙasa.

Bari mu fara da abin da masu cewa a tafi gida suka fi kafa hujja da shi, domin hujjarsu tana da ƙarfi: a Arewa gwamna mai ci yana faɗuwa. Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujera Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da shi a 2003. Mahmud Aliyu Shinkafi ya faɗi a Zamfara a 2011, Mukhtar Ramalan Yero a Kaduna a 2015, Mohammed Abdullahi Abubakar a Bauchi da Jibrilla Bindow a Adamawa duk a 2019. Na baya-bayan nan shi ne Bello Matawalle, wanda Dauda Lawal ya doke a 2023 da ƙuri'a 377,726, shi yana da 311,976. Inda mai ci bai faɗi ba ma, sau da yawa da ƙyar ya sha. Aminu Waziri Tambuwal da ratar ƙuri'a 342 ya koma kujerar Sakkwato a 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna. Wato mutanen da ba su cika motocin safa shida ko bakwai ba, da sun tashi daga kasuwar Alaba Rago ta nan Legas sun je sun dangwala wa ɗaya ɓangaren, da labarin jihar ya canza. A shekarar dai Abdullahi Umar Ganduje ya koma kujerar Kano da ratar da ba ta kai 9,000 ba, bayan inkonkulusib ɗin da har yau mutanen mazaɓar Gama, inda aka sake zaɓen cikin tarzoma, ba su manta da shi ba. A Kaduna a 2023 ratar Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai 11,000 ba. Duk wanda ya ce ƙuri'arsa ta fi nauyi a gida idan maganar kayar da gwamna ake yi ko tsayar da shi, bai yi ƙarya ba.

Legas ba ta taɓa ganin irin wannan ba tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Jam'iyyar da ke mulki ta canza suna daga AD zuwa AC zuwa ACN zuwa APC, amma gida ɗaya ne, kuma bai taɓa rasa kujerar gwamna a akwati ba. A 2003, lokacin da PDP ta kwashe sauran gwamnonin AD biyar na ƙasar Yarabawa, Bola Tinubu ne kaɗai ya tsira. Babatunde Fashola ya zarce a 2011 da ƙuri'a sama da miliyan 1.5. Gwamna ɗaya tilo da bai samu zango na biyu ba shi ne Akinwunmi Ambode, shi ma ba talakawa ne suka kayar da shi a babban zaɓe ba, a zaɓen fidda gwani na jam'iyyarsa aka tsayar da shi a watan Oktoba na 2018, aka miƙa wa Sanwo-Olu tuta. Wannan yana nuna inda ake yanke maganar gwamnan Legas: cikin jam'iyya, tun kafin mu masu kati mu fito.

To in haka ne, me zai sa mutum ya kawo katinsa inda an san wanda zai ci? A nan nake ganin 'yan'uwanmu da yawa suna tsayawa da lissafi tun bai ƙare ba. A dubi abin da ya faru a tazarcen Sanwo-Olu. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Tinubu ya samu 572,606. Ratar ba ta kai 10,000 ba, amma a gidan Tinubu aka yi ta, kuma ta girgiza Alausa. Makonni uku suka rage a yi zaɓen gwamna, domin an ɗaga shi daga 11 zuwa 18 ga Maris. A cikin waɗannan makonnin duk wanda ke Legas ya ga yadda gwamnati ta sauko ƙasa. Gwamna ya shiga kasuwanni da masallatai da coci-coci, aka yi ta kiran shugabannin al'ummomi taro, na Arewa ma ba a bar su a baya ba. Daga ƙarshe Sanwo-Olu ya samu 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na LP, jam'iyyar Labour ta Peter Obi, ya samu 312,329, Abdul-Azeez Adediran da ake kira Jandor na PDP ya samu 62,449. Gwamna ya ci ƙananan hukumomi 19 cikin 20, Amuwo-Odofin kaɗai ta kuɓuce masa. Ya zarce, amma ya zarce yana sane da unguwannin da suka fito masa da waɗanda suka juya masa baya.

Ga kuma adadin da ya kamata kowane Bahaushen Legas ya riƙe. Mutum 7,060,195 ne ke cikin rajistar masu zaɓe ta jihar a 2023, ta fi ta kowace jiha yawa, har Kano mai 5,921,370. Amma waɗanda suka fito zaɓen gwamna ba su kai miliyan 1.2 ba, kusan mutum ɗaya ke nan cikin shida. A Kano Abba Kabir Yusuf shi kaɗai ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705. Idan mutanen gari ba sa fitowa, to ƴan tsirarun da ke fitowa a dunƙule su ne ake lissafi da su. A matakin jiha dubu ashirin ba za ta kayar da gwamna ba. A matakin gunduma da mazaɓar ɗan majalisa kuwa tana iya yin komai. Kujerar majalisar wakilai ta Eti-Osa, wadda Obalende ke cikinta, da ƙuri'ar da ba ta kai 25,000 ba ɗan takarar LP ya ɗauke ta a 2023. Majalisar dokokin jiha kujera 40 ce, ga ƙananan hukumomi 20 da ƙarin yankunan raya ƙasa 37, kowanne da ciyaman da kansiloli. Waɗannan su ne kujerun da ke kusa da rumfarka da teburinka da babur ɗinka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe har yamma ya ga yadda ake yi. Ana zazzage akwati a gaban jama'a, a ware takardu jam'iyya-jam'iyya, a ƙirga da ƙarfi kowa na amsawa, jami'i ya cika takardar sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a liƙa kwafi a bango. Kafin ka juya ejan ya ɗauki hotonta da waya ya tura wa shugaban jam'iyya na gunduma. Wannan hoton ba ya ɓacewa. Ranar da shugabannin kasuwa ko na unguwa suka je neman a ɗage wa'adin tashi, ko a gyara kwata, ko a saki baburan da aka kama, mutumin da ke bayan tebur ya san adadin da rumfunan unguwarsu suka kawo. Idan unguwa ta cika maƙil da mutane amma rumfarta ƙuri'a sittin ta fitar, zai karɓe su da fara'a, ya ba su ruwa, ya ce za a duba. Ina jin ciwon wannan, domin yawan da muke da shi a titi bai taɓa fitowa a takarda ba. Kwankwaso, wanda ya samu ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a Kano a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, 8,442 ya samu a duk faɗin Legas. Gaskiya ne Hausawa da dama a nan APC suka yi, wasu Atiku. Duk da haka, wanda ya san yawan masu jar hula a Agege da Mile 12 kaɗai ya san cewa katunan yawancinsu ba a nan suke ba.

Bayan tambayar inda ƙuri'arka ta fi tasiri, sai tambaya ta biyu, wadda a wurina ta fi ta farko nauyi: hannun wace gwamnati ne ya fi taɓa rayuwarka kullum?

Ɗan acaɓa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Dokar hanya ta 2012, zamanin Fashola, ita ta fara hana babura bin manyan tituna 475. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa da Keke a wasu ƙananan hukumomi. A ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, sannan a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Baburan da aka kama ba tara ake biya a karɓo su ba, murƙushe su ake yi a gaban 'yan jarida. Gwamnati ta ce haɗurra da fashi ne suka sa, kuma akwai mazauna gari da yawa da suka goyi bayanta. Ba ina cewa duk dokar zalunci ba ce. Abin da nake cewa shi ne an yanke hukunci a kan abincin dubban matasan Arewa wata tara kafin zaɓen tazarce, ba tare da fargabar abin da za su yi a akwati ba, saboda an san ba su da abin yi a akwatin. Gwamnan Jigawa ko na Katsina, komai son da yake yi maka, ba shi da ta cewa a kan babur ɗin da aka kama a Oshodi.

'Yan gwari ma haka. Je ka Mile 12 da asuba ka ga tireloli sun jeru daga Kano da Zariya da Jos, 'yan dako na sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da attaruhu, dillali na tsaye da littafinsa, mata masu sari sun kewaye shi ana ciniki da Yarabanci da Hausa a haɗe. Kayan nan ba sa jira. Kwana biyu idan ƙofa na rufe, tumatir ya zama ruwa, kuma asarar ba ta tsaya kan mai rumfa ba, har manomin Kadawa da ya ba da kaya bashi sai ta same shi. An rufe kasuwar a watan Maris na 2016 bayan rikicin da ya ci rayuka, an sake rufe ta a watan Oktoba na 2023 a kan tsafta, kuma maganar mayar da ita Imota ta daɗe tana tashi tana kwanciya. Mutanen Alaba Rago sun san wa'adin tashi da rusau. Mahautan Oko-Oba sun san cewa takarda ɗaya daga ma'aikatar muhalli tana iya tsayar da yanka. Masu baro da 'yan bola da masu talla a gosulo sun san motar 'yan tas fos tun daga nesa. Duk waɗannan daga Alausa suke fitowa ko daga sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ba kuma cutarwa kaɗai ke fitowa daga can ba, kada a ce na karkata. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage wa mutanen Agege azabar cunkoso. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumba na 2023, na Red Line kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin. 'Ya'yanmu suna makarantun gwamnatin jihar, matanmu suna awo a asibitocinta. Maganar hijabi a makarantun gwamnati ma da gwamnatin jiha aka yi ta, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sa shi. Kasafin kuɗin jihar na 2025 ya haura naira tiriliyan 3, ya ninka na Kano fiye da sau huɗu, kuma akwai guminmu a ciki, daga kuɗin rumfa zuwa tikitin da ake yanka wa mai Keke kullum. A zangon farko na Sanwo-Olu an naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi kwamishina, abin da ke nuna cewa idan al'umma ta shiga jam'iyya ta zauna a cikinta, ana iya ba ta kujera a teburin.

Amma akwai mutumin da duk wannan bai kai masa nauyin abin da ke gida ba, kuma shi ma gaskiyarsa ce. Ɗan ci-rani da ke zuwa bayan girbi ya koma da saukar damina, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa suna ƙauye, gonarsa na can, a Legas tabarma kawai yake da ita a shagon wani ko a harabar masallaci. Shi abin da ya dame shi shi ne ko takin gwamnati zai iso kafin shuka ko sai an yi huɗa, ko asibitin garinsu akwai ungozoma da dare, ko makarantar firamare akwai malami, ko hanyar da ake fitar da amfanin gona ta tsira daga zaizaya. Ga wanda ya fito daga yankunan da 'yan bindiga suka addaba a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, magana ɗaya ce ta rufe sauran: shin mutanensa suna kwana a gida, shin suna iya zuwa gona ba tare da biyan haraji ga ɓarayin daji ba. Soja da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, amma gwamnoni suna da nasu rabon. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, kuma kowane gwamna yana da matsayarsa a kan sulhu ko faɗa. Wanda mahaifiyarsa ke gudun hijira a hedikwatar ƙaramar hukuma yana da haƙƙin ya je ya yi wa wannan gwamnan hisabi da hannunsa, ba kuma zan ce masa titin jirgin Agbado ya fi wannan muhimmanci ba.

Wasu na tsoron cewa idan suka ɗauke kati daga gida sun yanke igiyarsu da jiharsu, 'ya'yansu ba za su samu tallafin karatu ko gurbin aiki ba. Wannan ba haka yake ba. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar mahaifinka take fitowa, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, ba ruwanta da inda kake jefa ƙuri'a. Haka kuma kawo kati Legas ba zai mayar da kai ɗan asalin Legas ba, kada wani ɗan siyasa ya yi maka wannan alkawarin. Abin da kawai za ka rasa a gida shi ne abin da 'yan siyasar gundumarku ke rabawa masu katin gundumar, da kuma damar tsayawa takara ko riƙe muƙamin jam'iyya a can cikin sauƙi. Ga mai wannan burin, maganar ta ƙare, katinsa na gida.

Sai kuɗin tafiya, wanda ake yawan mantawa da shi sai lokaci ya ƙure. Tsakanin Legas da Kano kusan kilomita 1,000 ne, Sakkwato ma haka, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Zaɓen kuma ba rana ɗaya ba ne. Ana yin na shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya, a dakata makonni, sannan a yi na gwamna da 'yan majalisar jiha. Ko dai ka yi tafiya biyu, ko ka rufe sana'arka ka zauna a gida kusan wata guda. Mai gadi ba zai samu wannan hutun daga maigidansa ba. Mai shayi idan ya bar teburinsa wata guda, yana iya dawowa ya tarar wani ya kafa nasa. Idan aka ce inkonkulusib, an ƙara maka wani makon. A 2023 ga ƙarancin takardun naira ga ɗage zaɓe, mutane da yawa da suka tafi don na farko ba su iya jiran na biyu ba, suka dawo, alhali na biyun ne na gwamnan da suke ta musu a kansa. Wasu kuma a saman tirela suke tafiya, kan kaya ko cikin motar shanu da ta sauke ta juya, kwana biyu a hanya cikin sanyi da ƙura. Ana cewa 'yan siyasa na turo motoci kyauta. Suna turowa, amma wanda ya ɗauke ka kyauta ya riga ya ƙirga ƙuri'arka a nasa lissafin, kuma motar dawowa ba kullum ake samunta ba.

Ta fuskar tsaro ba zan ɓoye komai ba. Zaɓen 18 ga Maris na 2023 a Legas bai tafi lami lafiya a ko'ina ba. Masu sa ido, har da na Tarayyar Turai, sun ba da rahoton 'yan daba da razana masu zaɓe a wasu unguwanni, kuma an yi ta kalaman ƙabilanci na wane ne mai gari wane ne baƙo. Inyamurai ne suka fi shan wannan a lokacin, amma duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya ji a jikinsa, kuma dattawanmu ba su manta da rikicin ƙabilanci na Ketu a 1999 da na Idi-Araba a 2002 ba. Wannan tsoron ne ma ke sa wasu tafiya gida gabanin zaɓe ko da ba su da kati a can. Sai dai gidan ma ba a tsira ba, wanda ya ga abin da aka yi a Gama a 2019 ya sani, ga kuma hatsarin hanya da na masu tare ta. A unguwannin da muke da yawa, rumfunan galibi a ƙofar masallaci ko makarantar unguwa suke, tsakanin mutanen da ka sani, kuma ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar motoci. Don haka idan za ka dawo da kati, ka sa a kai shi rumfar da za ka iya takawa da ƙafa daga inda kake kwana, ba inda kake sana'a ba idan wuraren sun yi nisa. Mai kwana a Agege da rumfarsa ke Apapa daidai yake da wanda katinsa ke Daura.

Akwai wani abu da nake so wanda ya zaɓi gida ya yi wa kansa adalci a kai. Gwamna mai neman tazarce ya fi sabon ɗan takara sauƙin aunawa, tunda shekara huɗu yana da wuƙa da nama, aikinsa na ƙasa ana gani. Amma kai da ke Legas ba ka gani, ji kake yi. Abin da ke iso maka a waya shi ne waƙoƙi, da bidiyon buɗe gada, da zagin da sojojin baka ke yi wa juna a Facebook da TikTok, kowanne an biya shi. Kafin ka kashe kuɗin mota, kira waɗanda ba su da abin samu a siyasa. Tambayi mai ɗakinka ko da ta je awo an ba ta magani ko an rubuta mata ta saya. Tambayi ƙaninka malamin firamare ko albashi na zuwa a kan kari kuma cikakke, tambayi baffanka da ya yi ritaya ko an biya shi haƙƙinsa. Tambayi wanda ke noma maka gona nawa ya sayi buhun taki kuma a hannun wa. Ka kuma duba aikin da aka fara a shekarar farko, ba wanda aka kafa wa harsashi wata uku kafin zaɓe ba. Sannan ka auna mai son karɓar kujerar da ma'auni ɗaya, domin yawancinsu sun taɓa riƙe wani abu, minista ko sanata ko kwamishina ko ciyaman, kuma can ma sun bar sawu. Haushin mai ci kaɗai bai isa dalilin miƙa jiha ga wanda ba a bincika ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Wanda iyalinsa ke nan, 'ya'yansa na makaranta a nan, yana biyan haya da kuɗin rumfa a nan, gida sai da sallah ko biki ko ta'aziyya, ya dawo da katinsa Legas, shi da matarsa da duk ɗan da ya kai 18. Matan ma su ne suka fi asara a tsarin da muke kai, domin maigida kan tafi zaɓe shi kaɗai ya bar su, su ba su yi a can ba, ba su yi a nan ba. Kuma shekarar da kujerar gwamna ba ta da mai ita, kamar 2027 a Legas, ita ce shekarar da 'yan takara suka fi neman kowa, ita ce kuma ta zama da su a kan maganar kasuwanni da masu babura da makarantu tun kafin su hau. Wanda kuwa jikinsa ne kawai a nan, komai nasa na gida, kuma ya san lokacin zaɓe yana iya kasancewa a can ba tare da ya karya jarinsa ba, ya bar katinsa inda yake, ya je ya yi wa gwamnansa hisabi. Wanda ke tsakiya, rabi nan rabi can, ya tuna zaɓuka biyu da suka wuce: ina yake ranar zaɓen gwamna a 2019, ina yake a 2023? Idan duka biyun a Legas suka same shi kati na aljihu, to na uku ma a nan zai same shi, gara katin ya biyo shi.

Sauya rumfa ba sabuwar rajista ba ce, kuma kyauta ne. Ana nema ne a lokacin da INEC ta buɗe aikin rajista, ko ta shafinta na intanet ko a ofishinta na ƙaramar hukumar da kake zaune, ka je da katinka na yanzu, ka faɗi adireshin da kake da rumfar da ta fi kusa da kai. Idan an amince, za a cire sunanka daga tsohuwar rumfa a sa a sabuwa, sai ka bi sanarwar hukumar kan karɓar kati, kuma da kanka za ka je, ba a aike. Ana rufe wannan ƙofar watanni kafin zaɓe, ba a buɗe ta don wani ya makara. Shugabannin kasuwanni da limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni su ne ya kamata su riƙa bin ranakun suna sanarwa bayan sallar Juma'a, su kuma samo matasa masu waya su zauna a ƙofar masallaci suna cike wa dattawa da mata fom.